Yadda Ake Ɗaura Ƙwaron Gashi a Ƙugiya: Shinge, Fara da Ɗan Mazari

Idan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, shinge kan fito da yamma, iska ta kwashe su ta zuba a kan ruwa. A dam ɗin Ajiwa, Daberam, Sabke, Zobe ko Jibiya, a wannan lokaci kifin da ya saba kiwo a ƙasa yakan taso yana cafka a sama. Mai fatsa da tana sai ya yi ta jira shiru, domin hankalin kifi ya koma kan abin da ke faɗowa. Shinge na gaske kuma ba ya zama a ƙugiya, jifa ɗaya ya wargaje. Mafita ita ce ka ɗaura naka da zare da gashin tsuntsu, wanda zai kama kifi da dama kafin ya lalace.

Kafin ka sayi komai, je bakin ruwan da kake son yin fatsa, ka kamo ƙwaron da kifi ke ci, ka auna shi da rula. Abin da kifi ya fi kula da shi girman ƙwaro ne, sai siffarsa, sai inda yake a ruwa (sama, tsakiya ko ƙasa), sai motsinsa. Launi yana zuwa daga baya, musamman da damina da ruwanmu ke yin ja saboda laka. A irin wannan ruwa baƙin ƙwaro ko mai ƙasa-ƙasa ya fi fitowa a idon kifi fiye da mai ƙyalli. Masu koyo da yawa suna ɓata ƙoƙarinsu wajen ƙawata launi, alhali ƙwaron nasu ya ninka na gaske girma.

Kayan aiki

Ƙugiya tukuna. Lambarta na ƙaruwa tana ƙara ƙanƙanta: 14 ta fi 10 ƙanƙanta, 10 ta fi 6. Amma lambar kamfani ɗaya ba ta cika daidai da ta wani ba, don haka ka riƙe rula, ka auna gangar ƙugiyar, wato miƙaƙƙen ƙarfen da ke tsakanin ido da lanƙwasa. Na shinge milimita 10 zuwa 12, na fara 18 zuwa 22, na ɗan mazari 15 zuwa 18. Ƙwaron da zai yi yawo a sama yana son ƙugiya mai siririn ƙarfe; mai kauri za ta nutsar da shi komai yawan gashin da ka sa. Tazarar da ke tsakanin tsini da ganga ita za mu riƙa kira bakin ƙugiya, kuma da ita ake auna kusan komai.

Zare: na ɗinki na roba, siriri, baƙi da ruwan ƙasa. Na auduga yana shan ruwa ya ruɓe. Idan zaren ya yi kauri, warware shi ka yi aiki da sili ɗaya. Ka tanadi ɗan kakin zuma na goga masa.

Gashi yana wurin masu fige kaji a kasuwa, sau da yawa kyauta. Gashin wuyan zakara, dogo, siriri, mai sheƙi da tauri, shi ne na ƙwaron sama, domin silinsa ba ya shan ruwa da wuri. Gashin kaza da na zabo masu laushi ne, suna shan ruwa suna motsi kamar ƙafafu, su ne na ƙwaron ƙasa. Na zabo da ɗigo-ɗigonsa babu kamarsa wajen ƙafafun ɗan mazari. Kada ka ɗebi gashin tsuntsun da ya mutu da ciwo, saboda murar tsuntsaye. Wanda ka samo ka wanke shi da sabulu da ruwan ɗumi, ka shanya a inuwa ya bushe sarai, ka ajiye a leda da ƙwayar kafur guda, in ba haka ba ƙwari su cinye shi. Wannan sana'a da ma da irin waɗannan kaya ta fara: wajen shekara ta 200 Miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu su kama kifin kogi.

Sauran kayan: ulu ko gashin zomo na yin jiki, siririyar wayar jan ƙarfe daga tsohuwar caja ko koyil ɗin fanka, tsohon silifas na soso, robar ɗaure kuɗi, zaren buhun taki ko na shinkafa, wanda ba ya nutsewa, man farce mara launi, Super Glue, ƙaramin almakashi mai tsini, allura, da bututun biro da aka cire wa tawada.

Abin riƙe ƙugiya shi ne matsalar farko. Idan babu na musamman, filaya mai kulle ta isa, a ɗaure ta a gefen tebur da robar tayar keke. Ka matse ƙugiya a ƙasan lanƙwasa, ganga a kwance, tsini a waje. Idan ka matse tsinin kansa zai tsage ko ya dakushe. Tun kafin ka fara, danne kunnen ƙugiyar, wato 'yar ƙayar da ke bayan tsini, da filaya ya kwanta. Idan za ta karye, gara ta karye yanzu da bayan ka gama aiki, kuma ranar da ta shiga yatsa ko kunnen yaro za ta fita ba sai an tsaga ba.

Ɗauri uku da komai ya dogara a kansu

Na farko, kafa zare. Ɗora zaren a kan ganga, milimita 2 bayan ido, hannun hagu riƙe da guntun bakin. Yi naɗi uku zuwa gaba, sannan ka dawo baya da naɗi biyar ko shida a kan na farkon, su danne guntun. Yanke abin da ya rage. Kullum naɗi ya tashi daga wajenka ya haye saman ganga ya tafi gaba, kada ka sauya hanya a tsakiyar aiki, domin naɗin da ya saɓa yana kwance na baya. Wannan milimita 2 da ka bari wurin kai ne, ka kiyaye shi har ƙarshe. Cushe bayan ido shi ne kuskuren da ya fi yawa: sai a gama ƙwaro a rasa inda za a kulle, ko zare ya toshe idon.

Na biyu, ɗaurin tsunkule. Duk abin da ka ɗora a saman ganga, zare zai so ya tura shi gefe. Don hana haka, riƙe abin tare da gangar tsakanin babban yatsa da manuniya, ka ɗaga zaren ka shigar da shi tsakanin yatsun, ka sauko da shi ta ɗaya gefen ba tare da ja ba, sannan ka ja shi ƙasa tsaye yatsunka na matse. Maimaita sau biyu kafin ka saki. Naɗi uku masu ƙarfi sun fi goma sako-sako. Yawan naɗi kumburi kawai yake ƙarawa.

Na uku, kulli. Naɗa zaren sau ɗaya a bakin bututun biro, ka sa idon ƙugiya cikin ramin bututun, ka zame madaukin ya sauka bayan ido, ka ja. Yi haka sau huɗu. Ɗiga man farce da tsinin allura, ba da burushinsa ba. Kafin ya bushe ka zura ɗan gashi ta cikin idon ka jawo, ya share abin da ya shiga.

Ka yi waɗannan uku a kan ƙugiya tsirara, ka kankare da reza, ka sake, har hannu ya san iyakar jan da zaren ke ɗauka. Ka ma tsinka shi da gangan sau biyu ko uku don ka san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Shinge

Kafa zare mai ruwan ƙasa, ka shimfiɗa shi naɗi kusa da naɗi har daidai saman kunnen ƙugiya. Nan jiki zai fara. Idan ka gangara cikin lanƙwasa, jikin zai cike bakin ƙugiya, kifi ya cafka ya tofar ba ta kama ba.

Goga kaki a santimita 5 ko 6 na zaren. Tsinko gashin zomo ko ulun da ka tsefe, kaɗan ƙwarai, har kana hango zaren ta cikinsa. Murza shi a jikin zaren da yatsu biyu, ta hanya ɗaya kawai. In ka murza gaba da baya, warwarewa yake yi. Idan ka ga kamar ya yi kaɗan, to ya isa. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce ke da wuya. Naɗa shi zuwa gaba har kashi biyu cikin uku na ganga, siriri a baya, da ɗan kauri a tsakiya, yadda cikin shinge yake.

Fiffike: yanko zaren buhu fari santimita 4, ka tsefe shi da allura ya zama sili-sili, ka ɗebi abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba. Ɗaura shi a gaban jiki da ɗaurin tsunkule, ya kwanta a bayan ƙwaron. Fiffiken shinge na gaske ya kai ninki biyu na jikinsa, amma kai ka yanke naka a tsawon ganga ɗaya da rabi. Dogon fiffike yana naɗewa a ƙarƙashin lanƙwasa wajen jifa, kuma yana sa ƙwaron juyawa a iska ya murɗe maka igiya. Raba silin gida biyu da yatsa ya ɗan buɗe hagu da dama, domin shingen da ya faɗa ruwa fiffikensa a baje yake.

Saura ƙafafu, kuma a nan ne ake gane hannu. Zaɓi gashin wuyan zakara ja ko ruwan ƙasa. Lanƙwasa shi a jikin ganga ka ga tsawon silinsa idan ya miƙe: ya zama bakin ƙugiya ɗaya da rabi. Wanda ya fi haka zai sa ƙwaron ya kife a gefe. Fige laushin gindin gashin ka bar karan gashin tsirara milimita 3, ka ɗaura shi a gaban fiffike, gefen mai sheƙi yana duban ido. Kai zaren gaba zuwa inda ka bar wa kai. Kama bakin gashin ka naɗa sau uku ko huɗu, kowane naɗi a gaban na baya, kada ya hau kansa. Riƙe bakin a tsaye, ka haye shi da zare sau uku, ka yanke saura. Shafa silin baya da yatsu uku, ka yi ɗan ƙaramin kai, ka kulle. Daga ƙarshe juya ƙwaron ka aske silin da ke ƙasa daidai da tsinin ƙugiya, don ya kwanta a fuskar ruwa maimakon ya tsaya a kai.

Idan gashin ya zame ya warware da ka fara naɗi, karan da ka ɗaura ya yi gajarta. Idan ya tsage, ya bushe da yawa. Jiƙa karan da ɗan ruwa na minti biyar. Don gina, wadda ta fi girma, aikin ɗaya ne, sai dai ƙugiya ta zama mai ganga milimita 15, jikin kuma ya fi duhu. Baƙin zare da baƙin gashi a ƙugiya lamba 14, da jiki ƙulli biyu da siririn ƙugu a tsakani, sun ba ka tururuwa mai fiffike, wadda kawara ke so ƙwarai.

Fara

Da kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba, fara na cika ciyawar bakin ruwa, iska na jefa ta ciki. Wannan ƙwaron da soso ake yinsa, ba ya nutsewa ko kifi ya tauna shi.

Fere silifas da sabuwar reza ka fitar da zirin da kaurinsa milimita 2, faɗinsa 5, tsawonsa santimita 4, launin rawaya, kore ko ruwan ƙasa. Kada ka yi amfani da farin soson da ake cusawa a kwalin kayan lantarki, gam da man farce suna narkar da shi. Sassaƙe baki ɗaya ya yi tsini. Shimfiɗa zare a duk gangar, ka shafa Super Glue ɗan kaɗan a kai. Wannan shimfiɗa ce ke hana soson juyawa. In babu ita, kifi na farko zai mirgina jikin ya koma ƙarƙashi ya toshe bakin ƙugiya.

Ɗora zirin a sama, bakin mai tsini ya zarce lanƙwasa da milimita 5. Ɗaure shi a saman kunne: naɗi biyu a hankali, na uku da na huɗu da ƙarfi. In ka ja da ƙarfi tun na farko, zaren zai yanke soson. Ɗaga zirin, ka kai zare gaba milimita 4 a kan ganga, ka kwantar ka sake ɗaurewa. Haka har gaɓa uku, sannan ɗauri na ƙarshe dab da ido. Dawo da zare baya milimita 5. A nan ka ɗaura fiffike, gashin akuya mai tauri ko zaren buhu, tsawonsa ya tsaya daidai ƙarshen jiki. Sai ka naɗo ragowar zirin baya ta saman ido, ka ɗaure a wannan wuri. Ninkin ya zama kai. Yanke saura ka bar milimita 3.

Ƙafafu: tsaga robar ɗaure kuɗi a tsaye gida biyu, ka yanko santimita 4 sau biyu, ka ƙulla kowace a tsakiya ta yi gwiwa. Ɗaura ɗaya a kowane gefe da naɗi biyu sako-sako, ka gyara zamansu, sannan ka matse. Su zama tsawo ɗaya, in ba haka ba farar za ta riƙa juyi a ruwa. Kulle a nan inda ƙafafu suke, da madauki mai faɗi da za ka tsallakar da kai da hannu, ka ɗiga gam a ƙasa. Kada gam ya taɓa robar, yana sa ta ƙage ta karye.

Ɗan mazari da jar tsutsa

Mazari kafin ya yi fiffike yakan shafe watanni a cikin ruwa, a laka da gindin ciyawa. Ɗaga dutse ko ka jawo ciyawar ruwa a gefen dam za ka gan shi: gajere, mai faɗin ciki, mai manyan idanu, launin laka. Yana nan rani da damina, shi ya sa wannan ƙwaron ya fi sauran aiki idan ba a ga kifi a sama ba.

Naɗa wayar jan ƙarfe sau 12 zuwa 15 a rabin gaba na ganga don nauyi, ka rufe ta da zare, ka ɗiga gam. Idanu: yanko igiyar fatsa mai kauri, kamar milimita 0.50, tsawon santimita 1, ka riƙe tsakiyarta da hantsaki, ka kusantar da kowane baki ga wutar ashana har ya narke ya dunƙule. Ɗaura su a gicciye milimita 3 bayan idon ƙugiya, zare na gilmawa tsakaninsu ta nan da ta can sau shida. Koma baya ka ɗaura wata siririyar waya santimita 8 da ulu mai launin ganyen da ya fara bushewa. Naɗa ulun gaba har bayan idanu, ka ninka shi a tsakiya ya yi kauri. Sannan ka naɗa wayar a kai sau biyar da tazara, ta hanyar da ta saɓa wa ta ulun. Saɓawar ce ke sa ta danne ulun maimakon ta nutse a cikinsa, kuma ita ke hana haƙorin kifi warware jikin. Karya wayar ta hanyar jujjuya ta, kada ka lalata almakashinka. Ɗaura gashin zabo ta bakinsa, ka naɗa sau ɗaya da rabi kacal. Ƙafa shida ƙwaron yake da su. Gashi mai yawa yana hana shi nutsewa. Kulle, sannan ka matse jikin da filaya a hankali ya baje.

Jar tsutsar nan ta cikin laka, wadda ke zama ƙananan ƙwari masu kama da sauro, ba ta da wuya: ƙugiya lamba 14 ko 16, jan zare shimfiɗa biyu har cikin lanƙwasa kaɗan, siririyar waya a kai, man farce a duk jiki. Da hunturu, lokacin da sanyi ya sa kifi ya lafa a ƙasa, ita ce ta karfasa. Babbar karfasa gansakuka da ganye ne yawancin abincinta, kuma bakinta ƙarami ne, don haka kada ka ba ta babban ƙwaro. Tarwaɗa kuwa da gashin bakinta da sansana take neman abinci; sai ranar da shinge ya zubo ta taso sama ne za ka same ta da ƙwaron gashi cikin sauƙi.

Gwaji da jifa

Kowane ƙwaro ka gama, jefa shi a kofin gilas mai ruwa ka leƙa ta ƙasa, domin ta nan kifi ke ganinsa. Shingen da ya nutse, ko ƙugiya ta yi nauyi ko jiki ya yi kauri. Wanda ya kwanta a gefe, fiffike ya karkace. Ka kama jikin ka murɗa: in ya juya a kan ganga, shimfiɗar zare ba ta yi ƙarfi ba, kankare ka sake. Kafin jifa, shafa wa na sama ɗan basilin a gashi da fiffike, abin da ya ɗan maiƙe yatsa kawai; in ya yi yawa silin zai manne.

Ƙwaron ba shi da nauyin da zai ja igiya, amma ba dole sai da sandar waje mai tsada ba. Gora mai tsawon mita 3 da rabi zuwa 4, mai siririn baki, ta wadatar. Ɗaura mata igiya mai kaurin milimita 0.40 daidai tsawonta, ka ƙara mita 1 na siririya, 0.18 zuwa 0.22, a nan ƙwaron zai zauna. Don tarwaɗa ka kai 0.30. Inda ake samun tsage sai da ɗan guntun waya santimita 10 a gaba, haƙoransa na yanke roba. Jiƙa kowane ƙulli da yawu kafin ka ja shi, zafin gogayya na raunana igiyar. Ka sa iska a bayanka, ka ɗaga gorar ka kaɗa gaba a hankali, ƙwaron ya riga igiya sauka. Mai sanda da na'urar naɗi sai ya ɗaura 'yar ƙaramar kwalbar roba da ruwa rabi, ƙwaron na bin ta a baya da mita 1 da rabi. Sa tabarau da hula, ƙugiya a iska ba ta da tabbas.

Shinge a bar shi ya tsaya, a ɗan girgiza bakin gora bayan daƙiƙa biyar ko goma. Fara a buga ta da ɗan ƙara kusa da ciyawa. Ɗan mazari a bari ya nutse, a ƙirga biyar zuwa goma, a riƙa jansa taƙi ɗaya a tsaya, domin na gaske da fizga yake tafiya, yana feso ruwa ta bayansa. Da bazara, da ruwa ya ja baya ya yi garau, ka rage girman ƙwaro da kaurin igiya, ka tsuguna, kada inuwarka ta faɗa ruwa. Ka yi fatsarka daga tudu gwargwadon iko, saboda tsargiya na kama mai yawan shiga ruwan da ba ya gudu. A ruwan da ba naku ba, fara gaida Sarkin Ruwa ka ji inda masunta suka kafa tarunsu da inda aka hana.

In an tashi, kada ka rufe jiƙaƙƙen ƙwaro a gwangwani. Soka su a hula ko guntun soso su bushe, sannan a mayar. Ƙugiyar da ta yi tsatsa a ƙarƙashin zare takan karye a bakin babban kifi, kuma alamarta ita ce jan tabo a jikin ulun. In ka gan shi, kankare kayan ka jefar da ƙugiyar. Gashin da ya lanƙwashe kuma, riƙe shi da filaya a tururin tafasasshen ruwa na daƙiƙa biyu ko uku, zai miƙe.